Baiko na ƙaruwa, fasto na bin albashi

A yawancin ƙananan majami'un da ke sujada da Hausa, daga kudancin Kaduna zuwa Filato, ƙasar Tangale, Tafawa Ɓalewa da ƙauyukan Adamawa, akwai Lahadi ɗaya a ƙarshen shekara ko farkon sabuwa da ma'aji kan miƙe bayan wa'azi ya karanta rahoton kuɗi. Zai faɗi abin da ya shigo ta baikon mako-mako, da zakka, wato ushirin da masu bi ke fitarwa daga samunsu, da baikon godiya, da abin da aka tara ranar godiyar kaka bayan an yi gwanjon buhunan masara, doya da kajin da aka jere a gaban bagadi. Daga nan ya faɗi jimla, ya gwada ta da ta bara, kuma kusan kowace shekara ta bana ce ke kan gaba. Sai a ɗau tafi, 'yan Zumuntar Mata su rangaɗa guɗa, a yi addu'ar godiya a watse. Ma'ajin bai yi ƙarya ba, lissafinsa daidai yake har kwabo. Duk da haka, a cikin masu tafin nan sau da yawa akwai faston da ke bin majami'ar albashin wata biyu ko uku, kuma ko shi ba zai iya ce maka ga inda ƙarin ya shige ba. Rahoton shekara guda ba ya iya nuna lafiyar aljihun ƙaramar ikkilisiya. Sai an jera shekara goma a takarda ɗaya, an auna kuɗin da abin da suke iya saya, an kuma karanta wa jama'a a fili, sannan za a san ko gaba ake ci ko kuwa zaizayewa ake yi ana tafi.

Hujjar tana cikin lissafin da kowane ɗan Nijeriya ya ji a jikinsa. A watan Mayun 2016 gwamnati ta sa litar fetur naira 145. Baikon naira 10,000 a wancan lokaci zai sayi lita kusan 69, man da zai kai fasto ziyarar marasa lafiya a kan babur ya kuma tayar da janareta ranakun Lahadi. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira a kasuwar canji a watan da ya biyo baya, lita ta haye naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wancan baikon ke nan bai isa lita 10 ba. Majami'ar da baikonta ya ninka sau uku a tsakanin waɗannan shekaru ta yi ta murna kowace Janairu, alhali ƙarfin kuɗinta a gidan mai bai kai rabin na da ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Buhun takin zamani da shirin gwamnatin tarayya ya sayar naira 5,500 a 2017 ya ninka sau da yawa tun daga nan, kuma manomin da taki ya cinye ribarsa shi ne mai kawo zakkar. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Dattawan kowace majami'a sun san ko abin da suke miƙa wa fastonsu a ƙarshen wata ya bi wannan tashin ko tun 2019 ya tsaya cak.

Hauhawar farashi ta shafi kowa, to amma ƙaramar majami'a tana da raunin da na birni ba su da shi. Samunta na kaka ne, kashewarta kuwa ta kowane wata ce. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuɗi na shigowa, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa ana kuma neman kuɗin taki da na noma, kwandon baiko kan dawo da tarkacen naira 50 da 100. Masu bayarwa na gaske ba su da yawa: malamin firamare, ma'aikaciyar asibitin karkara, tsohon soja mai fansho, manoma biyu ko uku masu ƙarfi. A yi wa malamin canjin wurin aiki, tsohon sojan ya rasu, kashi mai tsoka na kuɗin shiga ya tafi ke nan ba tare da kujerun majami'ar sun nuna alamar raguwa ba, domin yara da matan da suka cika su suna nan. Matasan da majami'ar ta rena tun daga makarantar Lahadi kuwa, da zarar sun kama aiki a Kaduna, Jos ko Abuja, zakkarsu can take zuwa. Ƙauye ya ɗauki nauyin reno, birni ya kwashe amfanin. A kan wannan kuma ga kason da ake turawa sama. A ɗarikar ECWA, alal misali, majami'a tana ƙarƙashin LCC, wato majalisar majami'un yanki, LCC tana ƙarƙashin DCC, wato majalisar gunduma, DCC kuma tana ƙarƙashin hedkwata a Jos, kuma kowane mataki da abin da ke tafiyar da shi daga ƙasa yake fitowa. Duk waɗannan a hankali suke faruwa. Wanda ke duba bara da bana kaɗai ba zai taɓa ganinsu ba, amma a jerin shekara goma ƙaramin yaro ma zai nuna shekarar da abu ya fara karkacewa.

Ba wai waɗannan majami'u ba su saba riƙe kansu ba ne. Tarihinsu ya nuna akasin haka. Henry Venn, wanda ya zama sakataren ƙungiyar mishan ta CMS a 1841, ya dage cewa ikkilisiyar da aka dasa a wata ƙasa dole ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta. Ƙungiyoyin da suka shigo Arewa daga baya sun ɗauki wannan ra'ayi, wasu don aƙida, wasu don su ma aljihunsu ba nauyi. SIM da ta fara da mutum uku a 1893, SUM da ta sauka Wase a 1904, da 'yan mishan da suka kafa tushen ɗarikar EYN a Garkida a 1923, duk sun bar majami'un ƙauye da jama'a suka gina da hannunsu, da tubalin laka da jinka, suna ciyar da mai wa'azi da damin dawa. Tun 1948 masu bi na ƙasa suka kafa ƙungiyar EMS domin tura nasu masu bishara da kuɗinsu, kafin ma a kafa ECWA kanta a 1954, kuma a 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta. Bayarwa dai an gaje ta, kuma har gobe talakan majami'ar ƙauye yana fitar da kason samunsa da zai ba attajiri kunya. A ganina abin da bai samu gindin zama ba shi ne al'adar waiwaya. Ana rubuta kuɗi domin a kare kai daga zargi a ƙarshen shekara, da zarar an tafa kuma littafin ya gama aikinsa. Sabon ma'aji ya sayi sabon littafi mai bangon kwali, tsohon ya tafi gidan tsohon ma'aji ko ƙasan akwatin ofis inda gara ke jiransa.

Inda rashin waiwayen nan ya fi yin ɓarna shi ne gini. Kaka ta yi kyau shekara biyu a jere, ko wani ɗan gari ya samu muƙami, sai dattawa su ga lokaci ya yi da za a rushe tsohuwar majami'a a gina mai cin mutum dubu, a ƙauyen da masu sujada ba su wuce ɗari biyu ba. A buga katin gayyata, a kira babban mai ƙaddamarwa da uban taro da uwar taro, a yanka akuya, a ɗauko kujerun haya. Mai sanarwa ya riƙa shelar alkawura da lasifika, wane ya yi alkawarin buhun siminti ɗari, wane ya yi na kwanon rufi. Abin da ke shiga hannu a ranar bai cika kai abin da aka shelanta ba, sauran kuma ma'aji zai yi ta bin sa da waya har ya gaji, musamman in mai alkawarin ɗan takara ne kuma zaɓe ya wuce. A farkon 2024 buhun siminti ya haye naira 10,000, don haka kasafin da aka yi shekara uku kafin nan ya zama tatsuniya. Duk mai bin hanyoyin karkarar Arewa ta Tsakiya ya san sakamakon: katanga ta tsaya a linta, rodi na tsatsa a sama, ciyawa ta fito a inda bagadi zai zauna, jama'a na sujada a rumfar kwano a gefe. Gini ba ya jira kuma ba ya kunya, kowane wata sai an tara masa wani abu. Wanda ke iya jira, wanda kunya ke hana shi magana, shi ne fasto. Don haka albashinsa ne ke zama rancen da majami'a ke ci ba tare da ta roƙa ba. Kuɗin fanshonsa ma haka. Dokar fansho ta 2014 ta sa mai aiki ya ajiye kashi 8 cikin ɗari na albashi, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kuma ko da an ce dokar ba ta hau kan majami'a mai ma'aikaci ɗaya ba, tambayar tana nan: mutumin da ya yi shekara talatin yana zaune a gidan fasto, ranar da ya yi ritaya ya miƙa makulli, ina zai kai iyalinsa? Bashin albashi da na fansho ba su cika fitowa a rahoton ƙarshen shekara ba, domin rahoton abin da ya shiga da abin da ya fita kawai yake ƙirgawa. Abin da ya kamata ya fita amma bai fita ba, ba shi da layi a littafin.

Masu ja da wannan magana suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Wadda aka fi ji ita ce ta bangaskiya. Za a ce aikin Allah ba kamfani ba ne, Ubangijin da ya ciyar da kakanninmu lokacin da ba su da ko asusun banki shi zai tanada, kuma yawan lissafi alamar ƙarancin dogara ne. Amsar tana cikin littafin da masu wannan magana ke riƙe da shi. Labarin Yusufu a Masar, wanda Kirista da Musulmi duk suka sani, labarin mutum ne da ya dubi shekara goma sha huɗu a jere, ya tara a bakwai ɗin yalwa domin bakwai ɗin fari, kuma ba wanda ya taɓa kiransa mai ƙarancin imani. Manzo Bulus, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi sun zaɓi mutanen da za su raka kuɗin, don kada a sami abin zarginsa. A tarihin baya-bayan nan ma, George Müller na Bristol a Ingila, wanda masu wa'azi ke yawan kafa misali da shi domin ya riƙe marayu fiye da 10,000 a ƙarni na 19 ba tare da ya roƙi kowa kuɗi ba, ya shahara da rubuta kowace kyauta da buga rahoton kuɗi shekara-shekara. Masu ambaton addu'arsa sukan manta da littafinsa. Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana: idan dattawa suka ce a dogara ga Allah sannan aka jinkirta albashin fasto, bangaskiyar matar fasto da 'ya'yansa ake gwadawa, dattawan kuwa sun koma gida sun ci tuwonsu.

Hujja ta gaba ta fi wannan ƙarfi, kuma masu ilimin kuɗi ne ke kawo ta. Sun ce a ƙasar da farashi ya taɓa tashi da fiye da kashi talatin a shekara, ajiye kuɗi asara ce, gara a zuba su a bulo da kwano tun suna da daraja. Gaskiya ne naira da ke kwance a asusu tana narkewa. Sai dai ginin da ya tsaya a linta shi ma lalacewa yake yi, ba a kuma iya ɓanɓaro bulo a biya kuɗin asibiti. Amfanin ajiyar majami'a shi ne ta sayi lokaci ranar da baiko ya tsaya, kuma tun daga 2014 ya tsaya fiye da sau ɗaya. A Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabannin suka koma Jos, ɗaruruwan majami'unsu a Borno da Adamawa suka ƙone ko suka watse. 'Yan'uwansu na Amurka sun tara miliyoyin daloli, amma kafin agaji ya gangaro ƙasa, fastocin ƙauye da iyalansu abin da ke hannu suka ci. A 2020 dokar kulle ta korona ta rufe wuraren ibada a Jihar Kaduna fiye da wata biyu. A Fabrairu da Maris na 2023, da canjin fasalin naira ya janyo ƙarancin takardun kuɗi, majami'un birni suka manna lambar asusu a bango, na ƙauye kuwa kwando ya zaga ya dawo kusan wayam. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ma'aji zai iya hangowa, amma mai littafin shekara goma zai iya cewa irin haka kan faru, don haka a ajiye abin da zai riƙe albashi da ƙananan buƙatu na wata uku zuwa shida. Ba dole duka ya zama naira ba. Majami'u da yawa suna da gona, kuma hatsin godiyar kaka da ake gwanjonsa da araha a Disamba don a ji daɗin taro zai fi daraja in an adana wani kaso zuwa Yuli. Shi ma wannan ba tabbas ba ne, domin a 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka tara masara suka yi kuka. Abin da hakan ke koyarwa shi ne a raba ƙafa, wani a buhu, wani a banki, kuma a auna baiko da abu fiye da ɗaya: litar mai, buhun masara, buhun siminti.

'Yan Zumuntar Mata ba sa buƙatar a koya masu wannan. A majami'u da yawa asusunsu daban yake, da ma'ajiyarsu da littafinsu, suna adashi, suna sayen kujeru da tukwane su ba da haya, kuma ba sabon abu ba ne dattawa su je rance wurinsu in gari ya yi zafi. Abin mamaki shi ne ba a cika zaunar da su a inda ake yanke shawarar kuɗin majami'ar gaba ɗaya ba.

Akwai kuma tsoro, kuma tsoro ne mai dalili. A yankin da 'yan bindiga ke ɗaukar fastoci da limaman coci don kuɗin fansa, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a Yulin 2021, wa zai so a miƙe a bainar jama'a a ce majami'a na da ajiyar kaza? Masu kai wa ɓarayi rahoto ba daga sama suke faɗowa ba. Ga kuma ɗari-ɗarin da ake yi da gwamnati. A Janairun 2017 ƙa'idar da Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta fitar kan ƙungiyoyin da ba na riba ba ta tayar da ƙura har gwamnati ta dakatar da ita ta kuma sauke shugaban hukumar. A Agustan 2020 aka sa hannu kan sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni damar dakatar da amintattun ƙungiya a wasu yanayi, kuma ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi watsi da shi da babbar murya. Ina ganin duka biyun, in an duba da kyau, goyon bayan buɗe littafi suke yi. Kuɗin da ke jawo ɓarawo su ne waɗanda ke kwana a gidan ma'aji cikin leda, waɗanda kowa ya san suna nan amma ba wanda ya san adadinsu, har jita-jita ta ninka su sau goma. Kuɗin da ke banki, da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin su fita, ba a fasa ƙofa a ɗauke su. Kuma karanta rahoto ga membobi a taron ikkilisiya daban yake da liƙa shi a Facebook. Game da gwamnati kuwa, wanda ya ce kada hukuma ta leƙa littafinsa domin shi mai amana ne, ya ɗora wa kansa nauyin nuna wa masu kuɗin wannan amana. Ba zai yiwu a kori mai binciken gwamnati da hannun dama a kuma hana mai ba da zakka tambaya da hannun hagu ba.

Abin da ya fi hana ruwa gudu, a zahiri, kunya ce. Ma'aji dattijo ne, wataƙila shi ya ba da filin da aka gina majami'ar, kuma duk wanda ya ce a kawo littafi za a ce yana zarginsa da sata. Sai kowa ya yi shiru a taro, a fita waje a yi ta tsegumi a gindin mangwaro, har wata rana gida biyu ko uku su ɓalle su kafa tasu majami'ar a ajin makaranta, baikon da bai isa fasto ɗaya ba ya koma ciyar da biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin ba shi da tsada. Bayan sujada mutum uku su zauna a ofis, a juye kwando a kan tebur, a ware takardun naira 1,000 da 500 da 200 kashi-kashi, ɗaya ya ƙirga, na biyu ya maimaita, na uku ya rubuta a takarda mai kwafi, dukansu su sa hannu, a kuma riƙa sauya masu ƙirgar kowane wata. Litinin a kai banki ko wurin mai POS a tura asusu, a manna rasit a littafi. Ƙarshen wata a ɗauki hoton shafin da waya a tura wa sakataren gunduma, don ko wuta ko gudun hijira kada su cinye tarihin. Wannan tsari ma'ajin kirki yake karewa fiye da kowa, domin ranar da aka zarge shi yana da abin nunawa. Kwamitocin masallatan unguwa, masu akwatin taimako a bakin ƙofa da ginin da ya shekara biyar yana jiran daɓe, sun san irin wannan kunyar da irin wannan tsegumin, maganin kuma ɗaya ne.

Wasu za su ce gini mai kyau shi ke jawo mutane, kuma matasa na gudu zuwa sababbin coci-coci masu kayan kiɗa da fanka. A gefen birni, inda unguwa ke cika kowace shekara, wannan na iya zama gaskiya, kuma jerin shekara goma zai nuna hakan in an haɗa da adadin masu halarta. A ƙauyen da matasansa ke tafiya neman aiki kuwa, rufin alminiyom ba zai dawo da su ba.

Ba na ɓoye cewa jerin shekara goman zai faɗa wa wasu majami'u abin da ba sa so su ji. Wasu za su gane cewa tun shekaru da dama ba su da ƙarfin riƙe fasto na cikakken lokaci, haƙurinsa da gonarsa ne suka rufa masu asiri. Sanin hakan ya fi zaman yaudara, domin daga nan ne ake iya yanke shawara ta gaskiya: majami'u biyu maƙwabta su haɗa fasto ɗaya su biya shi yadda ya kamata, ko a amince a rubuce cewa yana da ranakun nomansa ko koyarwarsa, ko a koma ga mai wa'azi ɗan gari kamar yadda aka faro. Shugabannin ɗarika su ma suna da nasu kason. Karɓar kaso iri ɗaya daga majami'ar da ke unguwar manyan ma'aikata a Jos da wadda ke ƙauyen da aka kai wa hari bara daidaito ne a takarda kawai. Majami'un birni da suka cika da 'ya'yan ƙauye suna da bashin reno a kansu, kuma hanyar biyansa mafi amfani ita ce ɗaukar wani kaso na albashi ko fanshon faston ƙauye kowane wata, a maimakon zuwa taron ƙaddamarwa sau ɗaya da alkawarin siminti. Makarantun horar da fastoci irin na Kagoro, Jos, Bukuru da Kwarhi su tabbatar duk ɗalibin da ya fita ya iya karanta shafin kuɗi ya kuma gane inda bashi ya ɓuya.

Ga dattawa da shugabannin gunduma kuwa, akwai ƙa'ida ɗaya da za a iya kafawa a zama na gaba ba tare da kashe ko kwabo ba. Duk majami'ar da fastonta ke binta albashi, ko ba ta biya kuɗin fanshonsa ba, kada a sa mata hannu a takardar izinin taron ƙaddamar da gini sai ta biya.